Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Koya wa 'Ya'yan 'Yan Asalin Abuja Karatu

A zamanmu na ƙarshen watan jiya an yi doguwar muhawara a kan ajin karatun yara da ƙungiyarmu ke gudanarwa duk ranar Asabar a ƙauyen da ke maƙwabtaka da unguwarmu. Wasu sun ce a rufe shi, a mayar da ɗan kuɗin ga gyaran rijiyar burtsatse. Wasu sun ce a ci gaba, amma a koma Turanci zalla. Wasu kuma sun dage a bar shi da harshen Gbagyi kamar yadda yake yanzu. Da aka kasa cimma matsaya, sai aka ɗage maganar zuwa zama na gaba, aka ɗora wa ofishin sakatare ya tattaro tarihin al'amarin domin kowa ya yi magana a kan sani. Abin da muka samo ke nan. Yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe.

Su wane ne masu ƙasar?

Da yawa daga cikinmu mun zo Abuja ne muka tarar da kwalta da fitilu, har wasu kan ɗauka daji ne fetal gwamnati ta share ta gina birni. Ba haka ba ne. Ƙabilu tara ake lissafawa a matsayin 'yan asalin wannan yanki: Gbagyi, Gbari, Gade, Koro, Gwandara, Bassa, Ganagana, Egbura da Amwamwa. Kowace na da harshenta da sarautarta. Akwai Ona na Abaji, Gomo na Kuje, Agora na Zuba, Etsu na Kwali, Aguma na Gwagwalada, Sa'karuyi na Karu, Sa'peyi na Garki da sauransu. Gbagyi da Gbari, waɗanda mu Hausawa muke haɗawa mu kira Gwari, su ne suka fi yawa, kuma harshensu dangin Nufanci ne. Gwandara kuwa, a duk harsunan duniya babu wanda ya fi shi kusanci da Hausa.

Zaman tare tsakaninmu da su ya daɗe. A farkon ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu ya sauka a Zuba, cikin Koro. Bayan rasuwarsa a 1825 ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan garin ne yau ake kira Suleja. Tun daga wancan lokaci Hausa ta zama harshen fada da na kasuwa a wannan ƙasa, sauran harsuna kuma suka ci gaba da zama harsunan gida da gona.

Akwai wata gaskiya da ya kamata mu faɗa wa kanmu tun kafin mu yi nisa. Harshenmu ya adana yadda kakanninmu suka ɗauki waɗannan mutane. Muna cewa "kayan gwari" ga tumatir da attarugu, shaida ce ta cewa su ne manoman da suka ciyar da kasuwa. Amma kuma idan mutum ya kasa magana daidai sai mu ce yana "gwaranci". Yaron da ya tashi yana jin an mayar da sunan harshen uwarsa sunan kuskure, da wace fuska zai buɗe baki a aji? A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Allo, mishan da elemantare

Karatu ya shigo wa yaran wannan yanki ta ƙofa uku.

Ta farko ita ce makarantar allo, a garuruwan da Musulunci ya kafu kamar tsohuwar Abuja, Zuba, Abaji da Karshi. Yaro na farawa da babbaƙu, ya koyi haruffa, sannan ya shiga farfaru, ya koyi wasulla, kafin ya soma haɗa baƙi. Tsari ne mai kyau na fara karatu, daki-daki, kuma ya yaye malamai da alƙalai. Sai dai sunayen haruffan da bayanin malam duk da Hausa suke. Ɗan Koro ko ɗan Gade da ya zauna gaban malam sai ya fara mallakar Hausa kafin allon ya yi masa magana.

Ƙofa ta biyu ita ce ta mishan. Ƙungiyar SIM ta buɗe tasha a Karu tun farkon ƙarni na 20, ta kuma yi aiki a wasu garuruwan Gbagyi na wajen Minna. Su ne suka fi kowa damuwa da rubuta harshen, domin burinsu kowa ya karanta littafin addini da harshensa. An buga Sabon Alkawari da Gbagyi a 1956. Kafin nan, a 1909, wani jami'in mulkin mallaka, Manjo Frank Edgar, wanda ya tattara tatsuniyoyin Hausa masu yawa, ya buga littafin nahawun harshen Gbari. Wato wannan harshe ya haura shekara ɗari a rubuce. To amma ko a majami'u, tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ce ta fi ƙarfi a wa'azi da waƙoƙi a mafi yawan Arewa. Rubutun Gbagyi ya tsaya a hannun 'yan kaɗan.

Ƙofa ta uku ita ce makarantar elemantare ta En'e. Tun daga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, Turawa suka zaɓi Hausar boko ta zama harshen fara karatu a mafi yawan makarantun Arewa, Turanci ya biyo baya a azuzuwan sama. Ga ɗan Bahaushe wannan gata ne, domin abin da yake ji a gida shi yake gani a allo. Ga ɗan Gbagyi kuwa tsani ne mai hawa biyu: ya koyi Hausa, ya koyi karatu da ita, sannan ya koyi Turanci. Da aka zo Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA a Zariya ta buga littattafai da jaridu masu yawa, akasarinsu da Hausa, wasu da manyan harsuna irin su Kanuri, Fulatanci da Tibi. Manya da dama sun koyi karatu a wannan yaƙi, amma ƙananan harsuna ba su samu rabo mai yawa ba.

Malaman Abuja da Ladi Kwali

Masarautar Abuja ta yi fice a boko tun da wuri. Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, kuma daga sunansa aka samo Suleja, ya yi Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin ya hau gado. Daga gidan sarautar ne aka samu Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi, waɗanda suka rubuta tarihin Abuja da Hausa, Frank Heath ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Ibadan a 1952. Su ne kuma suka rubuta littafi a kan Gwari, Gade da Koro wanda ya fito a 1969. A 1970 masana biyu, Larry Hyman da Daniel Magaji, suka fitar da wani nahawun Gwari, shi ma a Ibadan. Duk ayyuka ne masu daraja, kuma har gobe ana amfana da su. Amma a lura: littattafai ne a kan mutanen, waɗanda manya masu ilimi za su karanta. Ɗan shekara biyar da ke zaune a gindin mangwaro a ƙauyen Kwali bai samu nasa ba.

A wannan zamanin ne Ladi Kwali ta yi tashe. An haife ta a Kwali wajen 1925, ba ta shiga makarantar boko ba, a wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama. Wani Bature, Michael Cardew, ya ga tukwanenta a fadar Sarki Sulaimanu Barau. Da ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta je Ingila, Jamus da Amurka tana nuna aikinta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20 da ke aljihunmu. A jikin tukwanenta akwai tambarin haruffa biyu, L da K.

Mun kawo labarinta ne saboda darasi ɗaya. Gidan Gbagyi yana da makaranta tun asali, kuma malamanta mata ne: uwa, gwaggo, kaka. Yarinya na zaune kusa da babba, tana kallo, tana taɓa yumɓu, ana gyara mata da harshen da take ji. Wannan makarantar ta fitar da gwanar da duniya ta sani. Makarantar boko da ta zo, a ƙofa ta bar waɗannan malamai.

Shekarar 1976: abu biyu a lokaci guda

A watan Agustan 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba batun sabon babban birni. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 aka sanar da zaɓen wannan wuri, Doka ta 6 ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, kimanin murabba'in kilomita 8,000, daga jihohin Neja, Filato da Kwara na lokacin. Kwana goma bayan haka aka kashe Murtala. A watan Satumba na wannan shekarar dai, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowane yaro.

A duba wannan haɗuwa. A shekarar da aka ce kowane ƙauye a Najeriya ya samu makaranta, a shekarar ce aka ce wa ƙauyukan nan su shirya tashi. Shirin farko shi ne a kwashe kowa da kowa a fitar da su daga yankin. Da binciken da Farfesa Akin Mabogunje ya jagoranta ya nuna yawan mutanen ya zarce yadda aka zata, kuɗin diyya kuma ya yi nauyi, sai a 1978 aka sauya: waɗanda aikin ginin birni ya biyo ta kansu kaɗai za a tayar. Wasu sun koma Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu Sabon Karu, Sabuwar Nyanya da Sabon Karshi a Jihar Nasarawa ta yanzu. Daga baya aka ware wurare irin su Kubwa, Apo, Wasa da Galuwyi-Shere domin sake tsugunar da wasu. Saura kuma suka zauna a inda suke, suna jiran ranar da ba su sani ba.

Dattawan ƙauyen da muke aiki sun gaya mana abin da wannan jira ya yi wa makaranta. Wa zai zuba bulo a garin da aka ce gobe za a rushe? Rufin aji ya yaye, a ce a dakata tukuna. Malami ya zo, ya ji ana batun tashi, ya nemi a mayar da shi wani wuri. Yaran da aka haifa cikin wannan jira yau su ne iyaye, wasu ma kakanni, kuma da yawansu ba sa iya taimaka wa 'ya'yansu da aikin gida.

Ranar 12 ga Disambar 1991 gwamnatin Janar Babangida ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Jama'a suka kwararo daga ko'ina, mu ma a ciki. Gonakin doya da dawa suka zama rukunin gidaje. Sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk ƙasar yankin ta Gwamnatin Tarayya ce. A da, uba kan bar wa ɗansa gona ko da ɗan bai san bihim ba, kuma ya rayu da mutuncinsa. Yanzu gonar ta tafi, ko tana kan tafiya. Takardar diyya, takardar sanarwar tashi, takardar asibiti, saƙon banki a waya, duk a rubuce suke zuwa. Mun ga dattijo mai 'ya'ya da jikoki yana dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Abin da ya sa batun karatun yaran nan ya wuce batun taimako ke nan. Karatu ne ya rage musu a matsayin gado.

Abin da takarda ta ce, da abin da aji ya gani

Tun 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen uwarsa. A nan gida, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada abin a Ile-Ife daga 1970: suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba, ko a Turancin kansa, a darussa da dama ma sun fi su. A Jihar Ribas kuma, Farfesa Kay Williamson da Farfesa E. J. Alagoa sun jagoranci aikin rubuta littattafan fara karatu da ƙananan harsuna masu yawa na jihar. Wannan ya nuna ƙanƙantar harshe ba ta hana a yi masa littafi.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta karɓi wannan ra'ayi: a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankinsa, Turanci ya karɓa daga baya. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, sun shigar da kula da ƙananan yara kafin firamare cikin ilimin tushe. A ƙarshen Nuwambar 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa tsawon shekara shida na firamare. Sai kuma a Nuwambar 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ƙasa, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa.

Duk wannan kai da kawo, ɗan Gbagyi na ƙauyenmu bai ji a jikinsa ba, domin tsarin bai taɓa isowa ajinsa ba balle a ce an janye shi. Dalilan a fili suke. Babu littattafan fara karatu a hannun malamai. Malaman da ake turowa daga kowace kusurwa ta Najeriya suke, mafi yawa ba sa jin harshen. Aji ɗaya ya haɗa ɗan Gbagyi, ɗan Hausa, ɗan Fulani, ɗan Tibi da ɗan Ibo, to wane ne harshen yankin? Sannan Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar dokokin jiha da za ta tsaya wa harsunanta kamar yadda wasu jihohi ke yi. Abin ban mamaki, hukumar NERDC mai tsara manhaja da daidaita ƙa'idojin rubutun harsunan Najeriya, hedikwatarta na Sheda, a yankin Kwali, ƙasar su Ladi Kwali.

A jihohin Hausa an ga gwaji na zamani. Shirin Mu Karanta a Bauci da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku, suka horar da malamai a kan koyar da sautin harafi kafin haɗa gaɓa. A ƙauyukan da muke shiga a nan ba mu ga makamancinsa da Gbagyi ko Gade ko Koro ba.

Yadda wasu suka yi

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A ƙasar Niyu Zilan, 'yan asalin ƙasar, Mawori, sun wayi gari a shekarun 1970 harshensu ya koma bakin tsofaffi kawai. A 1982 suka buɗe abin da suka kira Kohanga Reo, wato sheƙar harshe: wurin renon yara 'yan ƙasa da shekarun makaranta, inda kakanni ke zama da su suna yi musu magana, waƙa da labari da harshen Mawori zalla. Iyalai ne suka fara da kansu, a zaurukan taronsu da gidajensu. Cikin 'yan shekaru wuraren suka kai ɗaruruwa, a 1987 kuma aka amince da harshen a hukumance. Mutanen Hawai a Amurka sun kwaikwaye su a 1984. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru goma na harsunan 'yan asali. Abin lura shi ne jama'a ne suka yi gaba, gwamnati ta biyo sawu, kuma jarin farko da suka zuba shi ne kakanni.

Namu ajin

Ga waɗanda suka shigo ƙungiya daga baya, ga yadda namu ya faro. Mun fara ne da allon bango, alli, da taswirar haruffan Turanci da muka sayo a kasuwa. Muna faɗa yara na maimaitawa. Bayan wata uku sun iya rera haruffa daga farko har ƙarshe, amma idan aka nuna harafi ɗaya a tsakiya aka ce mene ne wannan, sai shiru. Muka koma Hausa, aka ɗan samu sauƙi ga manyan, ƙananan dai shiru. Har wani daga cikinmu ya ce yaran ne ba su da kai. Allah Ya yafe mana.

Wata Asabar wata tsohuwa da ke rako jikarta ta tsaya bayan an tashi. Ta ce, "Ɗana, yarinyar nan da kuke cewa ba ta magana, a gida sai mun roƙe ta take yin shiru."

Muka ce, "To Mama, me ya sa a nan ba ta yi?"

Ta ce, "Tana tsoron ku yi mata dariya ne. An gaya mata maganarmu gwaranci ce."

Ba mu da amsa. Mako na gaba muka roƙe ta ta zauna ta yi wa yaran tatsuniya da Gbagyi. Wani matashi ɗan ƙauyen mai takardar NCE, wanda bai samu aiki ba, ya tsaya a allo yana rubuta kalmomi uku ko huɗu daga cikin labarin, yana nuna sautin farkon kowace. Ajin da ya saba yin tsit ya kaure da surutu, kowa na son ya faɗi abin da ya biyo baya. A nan muka gane wani abu da ba mu taɓa lura da shi ba: harshen yana da sautuka irin su "gb" da "kp" waɗanda babu su a Hausa, kuma taswirar Turanci ba ta san da su ba. Harafin farko na sunan ƙabilar yaro ma babu shi a abin da muke koya masa. Yau manyan ajin na karanta sunayen Kpaduma, Gbazango da Kpeyegyi a allunan bakin titi, su gyara wa direba yadda ake faɗa.

Tsarin yanzu shi ne rabin lokaci tatsuniya da sautuka da Gbagyi, sauran rabin a ɗauki waɗannan haruffan a shiga da su Hausa da Turanci. Labaran da tsofaffi suka bayar muna rubuta su a littafin rubutu, mu yi hoton-kwafi, yaro ya tafi da shi gida. Wasu iyaye mata sun fara zama a bayan aji, wai rakiya suka yi, amma mun ga leɓɓansu na motsi.

Ba za mu ɓoye matsaloli ba. Iyaye da dama na cewa jarrabawar shiga sakandare, WAEC, NECO da JAMB duk da Turanci ake yi, kada a ɓata wa 'ya'yansu lokaci, kuma tsoronsu na da tushe. Rubutun harshen bai zama ɗaya ba a hannun kowa: Gbagyi da Gbari sun bambanta, ko tsakanin gari da gari akwai bambancin lafazi, ga kuma karin sauti da ke sauya ma'anar kalma wanda har yanzu muna koyon yadda za mu nuna shi. Akwai yaran da ba Gbagyi ba a ajin, su ma suna da haƙƙi. Matashin malamin ɗan alawus ɗin da muke ba shi bai taka kara ya karya ba, ranar da ya samu aiki zai tafi, kuma ba mu da wanda zai gaje shi. Rijiyar burtsatse ma gaskiya ce, yaro mai ƙishirwa ba ya karatu.

Abin da ke gabanmu

Ba aikin sakatare ba ne ya yanke wa ƙungiya hukunci. Amma tunda an ce mu tattaro tarihi, ga abin da muka gani a cikinsa. Sama da shekara ɗari yaran nan na shiga karatu ta ƙofar wasu: ta Larabci da Hausa, ta Hausa da Turanci, yanzu ta Turanci da buroka. Waɗanda suka tsallake sun tsallake, cikinsu akwai malamai, lauyoyi da likitoci, amma waɗanda suka maƙale a bakin ƙofa babu wanda ya ƙirga su. Masu cewa a koma Turanci da masu cewa a bar Gbagyi wuri ɗaya suka nufa, wato yaro ya iya karanta takardar da za a miƙo masa. Saɓanin a kan hanya ne. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya gane cewa harafi sauti ne, ya gane ke nan, ko da wane harshe. Sanarwar 2025 kuma ta shafi harshen koyarwa a makarantu ne, ba ta hana kaka yi wa jikanta tatsuniya ranar Asabar ba.

Mu da muka zo muka gina gidaje a kan gonakin iyayensu, muna shan ruwan Dam ɗin Usuma da ke ƙasar Bwari, akwai haƙƙin maƙwabtaka a wuyanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma waɗanda ke ajin yanzu ba za su tsaya suna jiran mu gama muhawara ba.

Don haka muna roƙon abu uku kafin zama na gaba. Duk mai shakka ya zo ajin Asabar mai zuwa da safe ya gani da idonsa, ya kuma yi wa yaran tambaya da kansa. Duk wanda ke da tsohon littafi da Gbagyi, Gade, Koro, Gwandara, Bassa ko wani harshe na yankin nan, ko na waƙoƙin majami'a ne, ya ara mana mu yi kwafi mu mayar masa. Sannan ma'aji zai kawo lissafin kuɗin ajin da na gyaran rijiyar gefe da gefe, a ga ko za a iya ɗaukar duka biyun. Mun kuma gayyaci mai unguwar ƙauyen da iyaye mata uku su halarci zaman, domin bai dace a yi aski a bayan mai kai ba.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.

Sakataren Ƙungiya